Wankin Ƙoda Ga Tsoho: Na Inji Ko Na Ciki? Abin Da Jinyar Baffana Ta Koya Mini

Ranar da likita ya ce mana ƙodojin Baffa sun daina aiki, mu huɗu ne a tsaye a kansa, kuma babu wanda ya san tambayar da zai yi. Dukkanmu 'yan kasuwa ne. Da goro aka ajiye a gabanmu, da mun faɗi dajin da ya fito da kwanakin da zai yi a huhu. Amma da aka ce "wanki", sai muka yi tsuru-tsuru. Ƙanena ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Likita, sau nawa za a yi masa ya warke?" Likitan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ba irin wankin da ake gamawa ba ne."

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shekararsa 74 a lokacin. Shi ya kawo ni Kumasi ina ɗan saurayi, shi ya koya mini ciniki. Ya fi shekara 20 yana fama da ciwon suga, hawan jini ya biyo baya. A farkon 2024 ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa, ga amai da safe, ga ƙaiƙayi, ga shaƙuwa da ba ta tsayawa. Mun sha cewa shawara ce, mun jiƙa abin da muka jiƙa. Allah Ya yafe mana.

Na rubuta wannan ne don kusan duk zangon da ka shiga yau, daga Ankara zuwa Duwala zuwa Injamena, za ka tarar da gidan da ake tara wa wani dattijo kuɗin wanki. Ni ba likita ba ne. Amma na zauna a bencin jira fiye da yadda na zauna a rumfata, na yi tambaya, na yi karatu gwargwadon iyawata.

Abu na farko da ya kamata iyali su tambaya shi ne, tsayawar ƙodar ta farat ɗaya ce ko ta a hankali? Akwai wadda kan tsaya cikin 'yan kwanaki saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko gudawa, ko zubar jini, ko wani jiƙo da aka sha. Wannan sau da yawa in an yi wanki 'yan lokuta takan farfaɗo. Wadda suga da hawan jini suka ci a hankali shekara da shekaru kuwa, ba ta dawowa. Ta Baffa irin ta biyun ce. Wanki zai riƙe ta ne har ƙarshen rai, sai fa in an yi dashe, kuma dashe ga tsoho mai suga da raunin zuciya ba kasafai likitoci ke yarda ba.

Wankin inji

Wanda kowa ya sani shi ne na inji. Ana jan jini daga jiki ta roba, ya bi ta cikin wata matata mai kama da gorar ruwa, a tace dattin da ruwan da ya yi yawa, a mayar da jinin. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. A ƙasashenmu mafi yawa sau biyu ake yi, wasu ma sau ɗaya, don kuɗi da ƙarancin injuna. Wani abin sha'awa da na karanta: likitan da ya ƙera injin farko, Willem Kolff na ƙasar Holan, mutum na farko da injinsa ya ceta a 1945 tsohuwa ce 'yar shekara 67. Don haka tsufa kaɗai bai hana wanki.

Sai dai jikin tsoho ba ya ɗaukar abin kamar na yaro. Ka duba, ruwan da ƙoda mai lafiya ke fitarwa sannu a hankali dare da rana, shi inji ke zuƙewa cikin awa huɗu. Lita biyu, uku, wani lokaci fiye. Zuciyar da ta tsufa ba ta iya bin wannan saurin, sai jini ya faɗi ana tsakiyar wanki. Na ga Baffa ya yi gumi, ido ya juye, ƙafa ta ɗaure, nas ta zo da gudu ta kwantar da kujerar ta rage gudun inji. In an gama kuma, ranar ta tafi ke nan. Yakan dawo gida ya kwanta kamar an yi masa duka, sai washegari yake komawa mutum. Tsoho a wannan halin yana iya faɗuwa a bakin mota ko a banɗaki, shi ya sa ba a barinsa ya tafi shi kaɗai.

Sai maganar hanyar da za a bi a kai ga jinin, wadda mu ba mu san muhimmancinta ba sai da muka ji a jikinmu. Hanya mafi kyau ita ce ɗan ƙaramin aiki a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, ta kumbura ta yi ƙwari yadda za ta ɗauki allura. Fistula suke ce mata, kuma kada mata su tsorata, ba ta da alaƙa da yoyon fitsari, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tana bukatar mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna. A hannun tsoho mai suga, jijiyoyin sun yi siriri sun yi tauri, wani lokaci ba ta nuna sam sai an sake. Wanda aka kawo a makare kamar Baffa, babu lokacin jira, sai a saka masa roba a wuya ko a cinya. Robar nan ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini. Wata biyu da sa wa Baffa, zazzaɓi mai karkarwa ya kama shi a kan inji, ya kwana tara a asibiti. Kuɗin wannan kwanciya ya fi na wankin wata guda.

To shawarata ga duk wanda aka ce ƙodar tsohonsa ta yi rauni amma bai kai ga wanki ba: ku tambayi likita tun yanzu yaushe za a yi fistula, kuma wane hannu za a keɓe. Hannun da aka keɓe ba a ɗibar jini a cikinsa, ba a sa ruwa, ba a ɗaura abin awon jini.

Abinci shi ne yaƙin kullum. Wanda fitsarinsa ya ragu ƙwarai ana iya iyakance masa ruwa zuwa abin da bai wuce leda biyu ta fiya wata a yini ba, kuma koko da shayi da miya duk a ciki suke. Kowane kilo da ya ƙaru tsakanin wanki da wanki, lita guda ce ta ruwa da sai an zuƙe. Gishiri, dunƙulen miya da kanwa suna jawo ƙishi. Ayaba, dabino, lemo, tumatir mai yawa, ruwan kwakwa, duk suna da sinadarin fotashiyam, wanda in ya taru yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Ka faɗa wa dattijon zango cewa dabino zai iya kashe shi, ka ga kallon da zai yi maka. Masu zuwa dubiya kuma abin da suke riƙowa ke nan.

Wankin ciki

Sai da muka yi wata uku a wannan hali na ji akwai wata hanya. Wani abokin cinikina ne, Bahaushen Sudan da muka saba tun a Jidda, ya ce mini a waya, "Ai mahaifiyata shekara huɗu ta yi ana mata wanki a ɗakinta, ba ta ga inji ba." Na ɗauka zolaya ce.

Ashe a cikin cikin ɗan Adam akwai wani tantani da ya lulluɓe hanji, cike da ƙananan jijiyoyi, kuma yana iya aikin matata. Sai a yi ƙaramin aiki a dasa roba mai laushi kusa da cibiya, a jira kamar mako biyu wurin ya warke. Daga nan ana rataye ledar wani ruwa na musamman, kimanin lita biyu, ya gangara cikin ciki. Ya zauna awa huɗu zuwa shida yana jan datti da ruwa daga jini, sannan a sauke wata leda ƙasa ya fito, a zuba sabo. Sau huɗu a yini, kowane canji kamar rabin awa. Ba allura, ba wuta, ba jini a waje. Abokina ya ce su da lokutan salla suke lissafi: asuba, azahar, magariba, sai na kwanciya. Akwai kuma ƙaramin inji da ke yin canjin da dare mutum na barci, awa takwas zuwa goma, amma wannan sai inda wuta ta tsaya. Wannan tsari na yi a gida masana biyu ne a Amurka, Popovich da Moncrief, suka fito da shi a 1976.

Ga tsoho, alfanunsa a fili yake. Tun da kullum ake yi kuma a hankali, jini ba ya faɗuwa irin na kan inji, babu kwanciyar bayan wanki, babu jigilar mota sau biyu ko uku a mako. Ɗan fitsarin da ya rage wa mutum yakan daɗe bai ƙafe ba, wannan kuwa babban abu ne, don shi ke ba shi damar shan ruwa ya sake. Takunkumin ayaba da tumatir ma yakan sassauta. Tsohuwa tana ɗakinta, jikokinta na shige da fice.

Amma kada in yi muku tallan da ba na yi wa kayana. Babban haɗarinsa shi ne ƙwayar cuta ta bi roba ta shiga ciki. Alamarta ciwon ciki da zazzaɓi, ruwan da ya fito kuma ya yi gauraye kamar ruwan wankin shinkafa maimakon ya fito garau. In an ga haka, asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Don haka kowane canji sai an wanke hannu da sabulu sosai, an rufe baki da hanci, an rufe taga, an kashe fanka. Ka tuna ƙurar hunturu, ka tuna ɗakunanmu na zango inda mutum shida ke kwana, ka ga aikin ba ƙarami ba ne. Ruwan kuma da suga ake haɗa shi, don sugan ne ke jawo ruwa daga jiki, saboda haka mai ciwon suga sai an sake masa lissafin magani, kuma yana sa ƙiba. Yana kwashe sinadarin gina jiki, dole tsoho ya riƙa cin ƙwai da kifi da nama, alhali cikinsa cike da ruwa ba ya jin yunwa. Wanda aka taɓa yi wa babban aiki a ciki, ko mai gwaiwar da ba a gyara ba, ba lallai ya dace ba. Tantanin kansa yakan gaji bayan wasu shekaru, a koma inji.

Sannan wa zai yi? Tsoho mai suga ido ya yi rauni, hannu na rawa. A Faransa ma'aikatan jinya ne ke bin tsofaffi gida suna yi musu, hukuma na biya, shi ya sa tsofaffi da yawa a can ke kan wannan hanya. Mu ba mu da wannan, amma muna da abin da su ba su da shi: gida cike da mutane. Sai dai a nan ma akwai tarko. Ba aikin "duk wanda ke kusa" ba ne. Mutum biyu ake zaɓa a koya musu a asibiti, su ne kawai za su taɓa robar. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu wannan nauyi kan mace zai faɗa, matar ɗa ko 'yar da ba ta yi aure ba, sau huɗu a yini, ba Juma'a ba Lahadi, ba biki ba suna. In ba a zauna da ita an nemi yardarta an kuma sauƙaƙa mata wasu ayyukan ba, an zalunce ta.

Wanne ya fi tsawaita rai? Wannan ita ce tambayar da 'yan'uwana suka dame ni da ita a WhatsApp. Abin da masu bincike suka gano a ƙasashen da ake yin duka biyun shi ne, a dunƙule babu wani babban bambanci. Binciken da aka yi a Ingila kan tsofaffi ya nuna jin daɗin rayuwarsu ma kusan ɗaya ne, sai dai waɗanda ake taimaka wa da wankin ciki a gida sun fi nuna gamsuwa da jinyarsu. Hong Kong tun 1985 ta sa wankin ciki ya zama na farko ga kowa sai in akwai dalili, Tailan ta bi sahu a 2008. Ke nan ba hanyar talauci ba ce, ba kuma ta gwaji ba.

Na koma wa likitan Baffa da murnata. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, duk abin da ka faɗa haka ne. Ina ruwan?"

Nan gizo ke saƙa. Lita takwas a yini, lita 240 a wata, nauyin buhun shinkafa mai kilo 50 kusan biyar, kuma daga waje ake shigo da shi. Mu da muka san tashar jirgin ruwa da kwastan da faɗuwar kuɗi, mun san ma'anar wannan. Kwantena ta makale mako uku, me za ka zuba wa tsoho? Shi ya sa a Gana da Najeriya wankin ciki na dindindin ga manya kusan babu shi, inji ne kawai. Senegal ta fara shi a Dakar tun 2004. Sudan ta kafa shiri na ƙasa a 2005, wanda mahaifiyar abokina ta amfana da shi, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza jinyar masu ƙoda a Khartum, na inji da na ciki duka. Don haka kafin iyali su sa rai, su tambaya: akwai shi a garin nan? Wa ke kawo ruwan? In ciki ya kamu da cuta da tsakar dare, wane asibiti ya san abin?

Kuɗi, da hanya ta uku

Lissafin inji ma ba kuɗin zama kaɗai ba ne. A 2023 an yi ta hayaniya a Gana lokacin da aka so ɗaga kuɗin zama ɗaya a asibitin Korle Bu daga sidi 380 zuwa sama da 765. Daga Yunin 2024 hukumar inshorar lafiya ta fara biya wa 'yan sama da shekara 60 zama takwas a wata, Baffa ya shiga ciki, muka ɗan numfasa. A Kamaru an daɗe ana biyan sefa 5,000 a zama, daga 2023 aka mayar da shi 15,000 a shekara ga wanda ya yi rajista. Duk da haka akwai allurar ƙara jini, da gwaje-gwaje, da magunguna, da kuɗin mota, da ɗan rakiya da ya rufe rumfarsa yini guda. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda wata likitar ƙoda 'yar Kamaru, Gloria Ashuntantang, ta jagoranta, ya nuna fiye da rabin manyan da suka fara wanki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina, galibi don kuɗi ya ƙare. Na ga irinsu da idona. An sayar da fili, an sayar da mota, an yi wata uku, sannan aka dawo da tsoho gida ba fili ba lafiya. In za ku yi karo-karo, ku yi lissafin shekara, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata ba don kunya ba.

Akwai kuma maganar da ba ma so a yi, amma likitoci na yinta. Tsohon da ya haura 75, ga ciwon zuciya, ga shanyewar jiki ko ruɗewa, ba lallai wanki ya ƙara masa kwana mai yawa ba, kuma kwanakin da ya ƙara a hanya da asibiti za su ƙare. An bi diddigin tsofaffi 3,702 masu rauni da ke gidajen jinya a Amurka, aka buga sakamakon a 2009: bayan shekara guda da fara wanki, kashi 58 cikin 100 sun rasu, kashi 13 ne kawai ƙarfinsu bai ragu ba. Ga irin waɗannan akwai jinya ba tare da wanki ba: maganin hawan jini, na fitar da ruwa, na ƙara jini, na ƙaiƙayi da tashin zuciya, da kula da abinci. Wanda ƙodarsa ke da ɗan saura yana iya yin watanni a haka, wani ma shekara ko fiye, a gidansa. Ba watsar da iyaye ba ne. Mu dai abin da ke hana mu shi ne "me mutane za su ce", sai mu yi ta jan tsoho a wahala don a ce mun yi ƙoƙari, ba mu taɓa tambayarsa shi me yake so ba.

Ni ma sai da aka yi wata biyar na tambayi Baffa. Muna dawowa daga wanki ne, ya jingina da kujera ido a rufe. Na ce, "Baffa, wahalar nan kuna ganin za ku iya ci gaba?" Ya ce, "Muddin ina iya zuwa masallaci da ƙafata, ina gane ku, ku kai ni. Ranar da na daina gane ku, kada ku ɗauke ni kamar buhu ku ɗora a injin nan. Ka ji ko?" Na ce na ji. Da daddare na tara 'yan'uwa a waya na maimaita musu a gabansa, don kada gobe a ce ni na yanke.

Fistularsa ta biyu ta nuna, aka cire robar wuya. Likita ya rage yawan ruwan da ake zuƙewa a zama ɗaya, ya kuma canja lokacin shan maganin hawan jini a ranar wanki, faɗuwar jinin ta ragu. Azumi kuwa malaminsa ya ce ya ciyar, ya yi gardama kwana biyu ya haƙura.

Bukatarsa ɗaya da ta rage ita ce ya je gida ya ga yayarsa, wadda ta kusa 80, a wani ƙauye bayan Kano. Nan na gane abin da inji ke yi wa ɗan fatake: yana ɗaure shi a gari ɗaya. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan hanya, yau ba ya iya kwana huɗu nesa da kujerarsa, don tazara mai tsawo tsakanin wanki ita ce mafi haɗari. Mota daga Kumasi zuwa Kano ba ta taso ba. Sai da muka nemi gurbi a wata cibiya a Kano tun wata guda kafin tafiya, suka ce a aiko da takardar likita da sabon gwajin ciwon hanta iri biyu da na ƙanjamau, don masu ciwon hanta injinsu daban ne. Muka biya zama huɗu tun kafin ya taso. Aka yi masa wanki ranar Talata, Laraba muka sauka Ankara muka hau jirgi, Juma'a da safe yana kan inji a Kano, da la'asar yana zaure da yayarsa. Tsarabar da ya riƙe mata goro ne, ita kuma ta tare shi da kwanon dabino, na miƙa hannu na karɓe kafin ya kai gare shi.